Ɗaukar muryar dattawa domin fodkas ɗin tarihin nishaɗi: yadda ta kaya da mu

Mai buɗe zance, daga Fagge, Kano

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara haɗa fodkas, wato shirin sauti da ake saki a intanet, a kan tarihin gidajen silima na Kano, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo da na'urar ɗaukar murya ya ba mu labarin yadda suka ƙare. Ni da kawuna na fara, wanda ya yi samartakarsa tsakanin Plaza da ke nan Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba ya ambaton shekara ko ɗaya, kuma bai san jaruman da sunayensu ba. Da na ce Dharmendra, jarumin finafinan Indiya, sai ya yi shiru, sai da ya ga hoto ya ce ai wannan Sarkin Ƙarfi ne. Ya ce mini sule uku ya biya ya kalli Sholay. Da na bincika na ga fim ɗin a 1975 ya fito, alhali an koma naira da kwabo tun Janairun 1973, sai na yanke hukuncin cewa tsufa ne ya sa ya haɗa zamani biyu, na cire wurin daga shirin. Bayan an saki kashin, mahaifiyata ta ce mini su kansu sun daɗe suna kiran kwabo goma da sule bayan canjin kuɗi. Ashe ni ne ban san lissafin ba.

Wata malamar makaranta, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam. Malam, naka mai sauƙi ne, tunda kawunka bai hana ka sakin muryarsa ba. Kakata ta yi kiɗan ƙwarya a gidajen biki tun tana da ƙuruciya, a garin da ya fitar da marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, don haka na ɗauka na samu taska. Mun zauna kusan awa biyu a tsakar gida tana kwatanta mini yadda ake kifa ƙwarya a kan ruwa domin ta ba da amo mai zurfi, da yadda mai bayar da waƙa take gane wadda ake yi wa habaici a cikin taro ba tare da ta kama suna ba, har ta rera baituka uku tana buga gefen tabarma da tafin hannu. Washegari da sassafe ta aiko ƙanena cewa in goge komai. Hujjarta ita ce ta je Makka sau biyu, tana da surukai maza, kuma waƙoƙin da ta rera na cikin gida ne, mata zalla ke jin su, ba a yi su domin su shiga wayar kowane direban mota ba. Na ji haushi a ranar, amma ban ga inda zan kama ta da kuskure ba. A ƙarshe ta amince in faɗi bayanin kiɗan da bakina ba tare da sunanta ba, baitukan kuwa suna nan a ajiye, ban sake su ba kuma ba zan sake su ba.

Wani ɗan jarida mai ritaya, daga Maraɗi

Ɗan'uwa na Fagge, matsalar shekaru tana da magani, kuma maganin shi ne ka tafi da jerin manyan abubuwan da kowa ya shaida. A nan wajenmu tsoho zai ce maka abu ya faru kafin Kunce ya karɓi mulkin Nijar, wato kafin Afrilun 1974, ko kuma a shekarar El-Buhari, yunwar 1984 da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ku a can kuna da kisan Sardauna a 1966, da canjin hannun tuƙi a 1972, da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata, da kisan Murtala a 1976. Idan ka tambaya da waɗannan, za ka iya matse labari cikin shekara biyu ko uku.

Ni tsohon ɗan kokowa na ɗauka, wanda ya ga zamanin da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Zaman farko bai yi armashi ba, domin duk tambayar da na yi masa sai ya ba ni amsa da kalma uku ya koma jan carbinsa. Wani ya ba ni shawara in zo da makaɗi. Da aka taɓa masa takensa sai mutumin nan ya miƙe tsaye yana kirari, ya shiga lissafo waɗanda ya kayar da garuruwansu da irin kamun da ya yi wa kowannensu, ya bar makirfon a baya da taku huɗu. Rabin abin da ya faɗa iska ta tafi da shi, amma ragowar ya fi zaman farko daraja nesa ba kusa ba.

Mai haɗa sauti, daga Kaduna

Hajiya da Alhaji sun taɓo manyan batutuwa, ni nawa na aiki ne kawai. Na taɓa asarar hirar minti hamsin saboda an ɗauke wuta maƙwabci ya tayar da janareto a daidai jikin katanga. Tun daga nan da hantsi nake ɗauka, a ɗakin da ke da katifa da labule domin kada murya ta yi amsa-kuwwa, kuma ina rufe layin wayar kafin a fara, saboda kira ɗaya yana iya katse ɗaukar ba tare da ka lura ba.

Wani ɗalibin jami'a, daga Zariya

Nawa ƙalubalen ya bambanta da naku, domin masu magana ne suka yi mini yawa. Na yi kashi a kan farkon finafinan Hausa na bidiyo, kuma mutum uku da na zauna da su kowanne ya nuna mini cewa da shi aka aza harsashi, sauran daga baya suka zo. Abin da na iya tsayawa a kai shi ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa ya fara fitowa a 1999. Masu shirin The Rest is History, wani fodkas ɗin tarihi na Birtaniya, suna shiga ɗakin ɗauka ne da littattafai jibge a bayansu, mu kuwa madogararmu kaset ne da ya yi fumfuna a cikin kwali da kuma ƙwaƙwalwar mutanen da har yanzu akwai 'yar tsama a tsakaninsu. Na jera maganganun ukun a jere, ban yi alƙalanci ba, kuma biyu daga cikinsu sun daina ɗaga wayata.

Mai buɗe zance

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Maraɗi, na rubuta jerin shekarun a takarda na koma wurin kawu ranar Asabar, na fara da ba shi haƙuri a kan sule ukunsa, kuma ya sa na maimaita ban-haƙurin bayan na kunna na'ura domin masu saurare su ji. Mun gano cewa bayan kisan Murtala ya kalli fim ɗin, domin ya tuna ba a daɗe da yi masa aure ba, kuma ta katanga ya dawo gida a daren don kada mahaifinsa ya ji ƙarar ƙyaure. Wannan wurin ya ce in bari sai ya yi shawara da Inna tukuna.