Allon kwamfuta yana ƙiftawa ko yana fitar da layuka: abin da kowa ya gani da yadda ya gano sanadin

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani da idonsa game da allon kwamfuta da ke ƙiftawa, ko yake fitar da layuka, ko launinsa ya jirkice, ko ya yi baƙi ƙirin sannan ya dawo. Nawa allon yana ɗaukewa ne na ɗan lokaci kaɗan ya dawo da kansa, wani sa'in ina tsakiyar rubutu, wani sa'in ina kallon bidiyo, kuma an ba ni shawarar in sayi sabo, amma hankalina bai kwanta ba tunda ban tabbatar allon ne ke da laifi ba. Ina roƙon duk wanda zai yi magana ya faɗi alamar da ya gani, da abin da ya gwada, da abin da ya tabbata shi ne sanadi.

Wani mai gyaran kwamfuta

Wa'alaikumus salam, Malam. Dakatawar da ka yi ita ce daidai, domin sau da yawa ana kawo mini allo a ce ya lalace, in jona shi da wata kwamfutar in tarar lafiyarsa ƙalau. Kafin hoto ya iso idonka sai ya ratsa ta wurare huɗu: direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, da katin hoton kansa, wato sashen kwamfuta da ke samar da hoton, da wayar da ke ɗauko sigina, sannan allon. Aikin farko shi ne a gano a wane zango ɓarnar ta shiga, kuma ana iya yin hakan ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ka cire wayar da ta haɗa allon da kwamfuta, ka danna maɓallin da ke jikin allon domin jerin saitinsa ya fito. Wannan jerin allon ne da kansa yake zana shi, kwamfuta ba ta da hannu a ciki, saboda haka idan layukan suka ratsa ta kansa ko ya ci gaba da ƙiftawa, to matsalar tana cikin allon. Idan ya fito tsaf, ka mayar da wayar, ka ɗauki hoton allo ta maɓallin Print Screen lokacin da ɓarnar ke bayyane, ka tura shi wayarka ta hannu ka duba. In ɓarnar ta fito a cikin hoton, daga kwamfuta take, wato direba ko katin hoto. In hoton ya fito lafiya, ka fi zargin waya ko allo. Abin da na fi jan kunnen mutane a kai shi ne su riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, domin wanda ya canza waya, ya sabunta direba, ya sauya saiti duk a zama ɗaya, ko matsalar ta tafi ba zai san me ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo sai ya koma farko.

Wata mai zanen hotuna

Nawa launi ne ya jirkice, duk abin da yake fari ya koma ruwan ɗorawa, kuma ga mai aiki irin nawa wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ina amfani da wayar VGA, mai shuɗin kan nan mai allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987. A cikinta ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa, kuma da na duba kan wayar sai na ga allura ɗaya ta lanƙwashe, ashe ita ce ke ɗauke da shuɗin. Da kore ne ya yanke, da allon ya koma ruwan hoda. Sauya wayar kawai na yi, launi ya dawo yadda yake.

Mai buɗe zance

Na gode, Malam, na gode Malama. Na yi gwajin jerin saitin kuma ya fito ba tare da wata tangarɗa ba. Allona mai 4K ne, irin mai fitar da hoto tar sosai, kuma da wayar HDMI na haɗa shi.

Wani mai wasannin kwamfuta

Ɗan'uwa, abin da ka faɗa na ƙarshe ya sa na fi zargin wayarka, domin na sha irin wannan. HDMI ba ta jirkita launi kamar VGA idan sigina ya yi rauni. Abin da akan gani shi ne ɗige-ɗigen haske suna walƙiya a wuraren da suke baƙi, ko kuma hoton ya ɗauke gaba ɗaya har sai allo da kwamfuta sun sake fahimtar juna. HDMI 1.4 tana ɗaukar 4K ne a kan 30Hz, wato sabunta hoton sau 30 a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 da ta fito a 2013 ta kai shi 60Hz, kuma hakan yana nufin ninkin bayanan da ke bi ta cikin wayar a kowace daƙiƙa, abin da tsohuwar waya ko doguwa ba lallai ta jure ba. Ka shiga saitin allo ka sauke daga 60Hz zuwa 30Hz na wuni guda. Idan ɗaukewar ta daina, ka kama mai laifi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba lalacewa ba ne ko kaɗan. Idan hoto yana tsagewa a kwance lokacin motsi, katin hoto da allo ne ba sa tafiya tare, kuma kunna V-Sync, saitin da ke daidaita tafiyarsu, yana gyara shi. Ni kuwa allona mai 144Hz haskensa ne yake ƙaruwa yana raguwa duk lokacin da wasa ya yi nauyi, kuma da na kashe FreeSync, saitin da ke sa allo ya bi saurin katin hoto, sai ya tsaya cak.

Wani ɗalibi

Ni matsalata ta fara ne bayan Windows ta sabunta kanta, allon ya riƙa ƙiftawa babu ƙaƙƙautawa. Na buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, da maɓallan Ctrl da Shift da Esc, domin idan shi ma yana ƙiftawa tare da sauran abubuwa, galibi direba ne, idan kuwa shi kaɗai ya tsaya daram, wata manhaja ce ba ta jituwa da tsarin. Nawa ya ƙifta, na shiga Device Manager, inda ake kula da direbobi, na mayar da direban katin hoto zuwa wanda ya gabace shi, shi ke nan. Yaya mai buɗe zance, ka lura da wani abu: Windows tana sake tayar da direba da kanta idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, kuma a lokacin allon yakan yi baƙi ya dawo, kamar yadda ka kwatanta. Ka danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ƙara kaɗan, allon ya ƙifta, sai ka kwatanta ko haka naka yake yi.

Wani ma'aikacin ofis

Nawa zai yi wuyar gaskatawa, amma na tabbatar da shi. Allon yana ɗaukewa ne daidai lokacin da na tashi daga kujera ko na zauna, kujerar irin mai hawa da sauka ce, kuma lantarkin da ke taruwa a jikinta idan iska ta bushe shi ne yake shiga cikin wayar allon. Da na sa waya mai kauri, wadda aka lulluɓe cikinta da kyau, na kuma nisanta ta daga kujerar, sai abin ya wuce.

Mai gyaran kwamfuta

Duk abin da aka kawo gaskiya ne, sai dai in ƙara da alamomin da suke nuna allon ne da gaske. Idan yana daɗewa kafin ya kama, fitilarsa tana ƙiftawa, kuma sai ya ɗumama yake daidaita, mafi yawanci kafasitocin da ke sashen wutarsa, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, su ne suka kumbura, kuma ana canza su allon ya ci gaba da aiki. Idan ya yi duhu alhali fitilarsa tana kunne, ka haska shi da tocila daga kusa. In ka hango hoton dishi-dishi, fitilar bayansa ce ta mutu. Layi siriri ɗaya a tsaye, wanda ba ya motsi ko da an cire waya, a jikin gilashin yake, kuma wannan ba kasafai gyaransa ke biyan wahala ba. Amma don Allah kada wanda bai san aikin ba ya buɗe bayan allo, domin manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

Wata malamar makaranta

Laftof ce tawa, kuma layukan suna zuwa suna tafiya ne gwargwadon yadda na buɗe murfin. Da na jona ta da wani allon daban hoto ya fito lafiya, abin da ya nuna katin hoton ba shi da matsala, kuma mai gyara ya tarar siririyar wayar da ke bi ta cikin maƙalar murfin ce ta goge saboda yawan buɗewa da rufewa. Malam mai gyara, ina da tambaya a kan sabon allon da nake amfani da shi yanzu: idan na rage haskensa sosai da dare idanuna suna yin zafi, kuma da na duba shi ta kyamarar waya sai na ga ratsi-ratsi suna gudu, amma idan na ƙure hasken sai su ɓace. Shin wannan lalacewa ce, ko kuwa irin allunan nan ne da suke rage haske ta hanyar kunna fitila da kashe ta da sauri?