Kebul ɗaya daga laftof zuwa komai na kan tebur, yana yiwuwa kuwa?

Mai Tace Bidiyo

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan kwamfuta. Sana'ata tace bidiyon biki da suna, a wani ɗan shago nake a Kaduna, teburina kuwa da kyar ya kai tsawon dardumar sallah. A kansa akwai laftof HP EliteBook 840 G5 na hannu, monita mai inci 24, kibod, linzami marar waya, had dis biyu da nake zuba aikin mutane, abin karanta memorin kyamara da sifika, ga firinta a ƙasa don rasit. Kowanne da wayarsa. Da laftof ɗin nake tafiya gida, saboda haka kullum da yamma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na zare, da safe in durƙusa ina laluben wace ce ta wane. Ramin HDMI har ya yi sako-sako, sai na tokare wayar da murfin biro kafin hoto ya tsaya.

Na sayi wani ɗan hob, wato ƙaramin abin da ke ƙara wa laftof ramukan jona kaya, mai kan USB-C a kasuwa, ba shi da ko suna a jiki. Monita ya kawo, amma batir ba ya cika ko da na jona caja mai wat 45 a jikinsa, linzami kuma sai tsalle yake duk lokacin da nake kwashe bidiyo. Shin abin nan na kebul ɗaya gaskiya ne, ko a talla kawai yake aiki? Me zan saya kada in sake zubar da kuɗi?

Kawu Injiniya

Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne, kuma ka yi sa'ar laftof. Duba gefen ramin USB-C ɗin, za ka ga alamar walƙiya. Wannan Thunderbolt 3 ne, wanda Intel ya fitar a 2015. Yana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa, kuma hoto da bayanai da wutar caji duk ta hanya ɗaya suke bi. Masu karantawa kada su ɗauka kowane rami mai wannan siffa haka yake. Akwai laftof da yawa, musamman tsofaffi da masu araha, da raminsu na USB-C filash kawai yake karantawa, ba ya fitar da hoto, ba ya karɓar caji. In babu walƙiya ko alamar DP (DisplayPort, wato ramin yana fitar da hoto) a gefe, a nemi bayanin samfurin a shafin kamfanin kafin a fitar da ko sisi.

Maganar batir lissafi ne. Hob ɗin ma wuta yake ci, yakan riƙe kamar wat 15 don kansa da abin da aka rataya masa, sannan ya miƙa saura. Ka ba shi 45, ka ɗora had dis biyu masu juyawa, kana kuma tace bidiyo, me zai rage? Ka nemi caja mai wat 100, ko ka sayi cikakken dok, wato babban hob na ajiyewa kan tebur, mai zuwa da nasa adafta.

Sannan kebul. A nan ne ake cin mutane. Kebul na gama-gari iyakarsa wat 60. Wanda zai kai 100 sai mai ɗan guntun lantarki (chip) a cikin kansa da ke shaida wa caja cewa zai iya ɗaukar amfiya 5. Da yawa daga waɗanda ke zuwa da wayoyin hannu kuma gudun USB 2.0 suke yi, megabit 480, ba sa ɗaukar hoto sam. Na Thunderbolt gajere ne, bai cika kai mita ɗaya ba, akwai walƙiya a kansa. Dogo mai mita 2 da zai riƙe gudun yana da tsada, ba ka buƙatarsa.

Ɗan Maraɗi

Kawu ya faɗi gaskiya, amma Kawu ka manta da wuta. Dok mai nasa adafta, da zarar an ɗauke wuta ya mutu, duk abin da ke jikinsa ya bi shi. Laftof zai ci gaba da batir kamar ba abin da ya faru, had dis kuwa ya yanke a tsakiyar kwafi. In bidiyon kamun amarya ne, kuma ka riga ka goge memori, ka san abin da za ka ji daga uwar amarya.

Ni a wurina ƙaramin hob da ke shan wuta daga laftof ya fi dacewa da mu. Shi ma wasu sukan yi ɗif na ɗan lokaci sa'ad da caja ta mutu yana komawa kan batir, kuma wannan ɗif ɗin ya isa ya ɓata fayil. Abin da nake yi: dis ɗin da nake aiki a kansa kai tsaye yake jikin laftof. Kebul biyu ke nan, na yarda, amma ina barci lafiya. In dole sai ɗaya, sa dok ɗin a UPS ko inbata, kada ka dogara da canjin janareta.

Yayar Firinta

Ƙanena, tsallen linzami ba sai ka sayi komai mai tsada ba. USB 3 yana fitar da hayaniyar sigina daidai zangon gigahaz 2.4 da ɗan makunnin linzamin, wato ɗan abin da kake sokawa a ramin USB, ke amfani da shi. Intel ma sun yi rubutu a kan haka tun 2012. Ka matsar da shi nesa da had dis, ko ka sa shi a ramin USB 2.0, ko ka ja shi da ɗan kebul na ƙari ya zo kusa da hannunka.

Ni kuma ban bi hanyar dok ba. Monita na canza, na sayi mai ramin USB-C da ke cajin laftof, kibod da firinta duk a bayansa suke. Tebur fes. Amma tunda naka lafiya lau yake, ban ce ka jefar ba.

Kuma kada a ruɗe ka: wayoyin ba ɓacewa suke ba, wuri kawai suke canzawa. Ka samu wanda zai ɗaure maka dok da estenshan a ƙarƙashin tebur, ka tattara wayoyi da maɗauri, kebul ɗaya ya leƙo sama. Lokacin hunturu ka riƙa rufe shi da kyalle in ka tashi, ƙura tana cika ramukan.

Kawu Injiniya

Ɗan Maraɗi, na karɓi gyara. Ƙari ɗaya: dok na Thunderbolt na hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallama, suna shigowa da sauƙi, amma sau da yawa ba adafta. Kada ka karɓa in babu adaftan, samunsa daban wahala ne. Ka je da laftof ɗinka da had dis, a jona monita a gabanka, ka ga caji yana hawa. Windows zai iya tambayar izini karon farko kafin ya amince da dok ɗin, ka danna amincewa, ba lalacewa ba ce.

Mai Tace Bidiyo

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Kawu, na haska da tocila, walƙiyar tana nan. Yaya, na mayar da makunnin linzami ɗaya gefen laftof, tsalle ya daina ko ana kwafi. Zan nemi dok mai adafta, dis ɗin aiki kuma zai zauna jikin laftof kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, don inbatar shagonmu ta haɗaka ce da mai aski, ba a san lokacin da za ta gaji ba.

Saura firinta. Tsohuwa ce mai kebul mai kan murabba'i. In na sa ta a dok za ta gane kanta, ko sai na sake saka direba, wato manhajarta?