Tsutsa ta cinye ganyen kaɗanyarmu, ƙanin mijina ya ce a sare

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. Muna da gona a wajen Kontagora, gadon mahaifin maigidana ce, kuma tun rasuwar tsohon ba a raba ba saboda babban wansu yana Legas, kullum sai ya ce sai ya zo. Akwai kaɗanya a ciki, ni nake tsintar kaɗe ina yin mai, da kuɗin nake biyan makarantar yara, har uwar mijina da ita muke ci. To bana wata tsutsa baƙa mai ɗigon rawaya da gashi fari ta hau itatuwan ta cinye ganyen tas. Na sa yaro ya yi feshi. Yanzu ƙanin mijina ya ce itatuwan sun mutu, ya riga ya yi magana da masu gawayi. Ko barci ba na iya yi. Me zan yi?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya wane magani aka fesa? Ki sake da wanda ya fi shi ƙarfi, ki haɗa da gindin.

Malam Ɗanjuma: Kada ki sake fesa komai. Na san tsutsar nan sarai, masana suna kiranta Cirina forda, kuma kaɗanya ce abincinta a yankinmu. 'Yar wani babban malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, launin ruwan ƙasa. Da farkon damina, wajen watan Mayu, yake fitowa daga ƙasa. Ba shi da bakin ci, kwanaki kaɗan yake yi a duniya, aikinsa barbara kawai. Macen ta manna ƙwai dunƙule guda a jikin ƙaramin reshe ta mutu. Bayan kamar wata ɗaya su ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi mako shida zuwa bakwai tana ci tana saɓa, sannan ta sauko ta tona ƙasa a gindin itacen ta shige. Danginta da yawa suna saƙa gidan siliki, ita ba ta yi, ɓawo mai tauri take yi a cikin ƙasa ta kwanta kusan wata tara. Sau ɗaya ke nan a shekara. Itacenki bai mutu ba, zai sake toho cikin makonni. Ki kankare ɓawon reshe da farce, in kin ga ɗanye kore to yana raye.

Maman Hanifa: Malam na gode, amma ba zan zauna ina kallo ana cinye min abinci ba. Feshin da na yi ya rage su, da idona na ga sun zubo.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, lokacin saukowarsu ne ya yi, ko ba feshi za su sauko. Kuma injin goyo ba ya kai wa saman kaɗanya. A kan kaɗen da ke ƙasa maganin ya sauka, wanda za ki yi mai da shi mutane su ci.

Ummu Khairat: Ni abin da ke ci min rai masu gawayin nan. A garinmu sun sare mana fiye da rabi, miji ya karɓi kuɗin buhu kaɗan ya kashe a sati ɗaya, mace ta rasa sana'ar shekaru. Itacen da ke shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya! Ga shi tun da gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kaɗe waje a watan Agustan 2025 farashi ya faɗi, wanda na ajiye sai da asara na sayar. Allah ya isa.

Yaya Ndagi: Anti, kuɗi kika kashe da magani fa. Mu Nufawa mani-mani muke ce wa tsutsar nan. Da asuba ake tsinta lokacin da take saukowa, a tafasa da gishiri a shanya, ana sayarwa da mudu a kasuwar Bida. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso ma babbar kasuwa ce. Amma wadda aka fesa wa magani kada kowa ya taɓa.

Abu Sadiq: Wai ma ya halatta a ci tsutsa? A tambayi malamai tukuna. Ni dai na yi feshi a mangwarona kuma ya yi aiki.

Malam Ɗanjuma: Mangwaro daban, wannan daban. Kaɗanya da rani take fure, ƙudan zuma su yi mata barbara, 'ya'yan su nuna su fara zuba kafin tsutsar ta yi ƙarfi. Shi ya sa manoma da dama ba sa ɗaukarta abokiyar gaba, kashinta taki ne, dawar da ke ƙarƙashi kuma ta samu rana. In kina neman abin da ke kashe kaɗanya, ki duba ƙauci a rassan, da wutar daji, da gatari. Shi ƙanin mijin naki ya san itacen bai mutu ba, dalili yake nema.

Maman Hanifa: A'a Malam, kada a zarge shi, yaron kirki ne, aure yake son yi kuma ba shi da hali. Ni ma ba jahila ba ce a harkar kaɗe, tun ina gidanmu nake yi. Bara ba su yi yawa haka ba kuma na samu kaɗe sosai, in na bar su baɗi fa?

Ummu Khairat: Ki kira babban wan nasu na Legas yau ɗin nan. Gado ne, ba mai ikon sarewa shi kaɗai.

Maman Hanifa: Ba ya ɗaukar wayata, maigidan kuma ya ce ba ruwansa da rigimar 'yan'uwa. Masu gawayin ranar Asabar za su zo. Abu Sadiq, wane magani ka ce ka yi amfani da shi?