Tun da na koma Windows 11 shafin rauta ya ƙi buɗuwa a laftof ɗina

Baban Ummi, Hanwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana kwamfuta.

Ina da rauta a gida, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, irin wadda ake sa wa sim, mai eriya biyu. Da ita nake neman abinci, domin ina buga wa ɗaliban ABU furojet da sauran takardu a ɗakin zaurena, kuma da ita yaran gidan ke karatu. Laftof ɗina a kan Windows 10 yake tun da na saye shi. Da aka sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, sai na ba ɗan ƙanwata, wanda ke koyon gyaran kwamfuta a PZ da ke nan Zariya, ya ɗaga min shi zuwa Windows 11. Ya yi aikin lafiya, ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wi-Fi yana haɗuwa, intanet na tafiya, imel na shiga yana fita. Amma idan na rubuta 192.168.0.1, wato adireshin shafin saitin rautar, a burauza kamar yadda na saba, sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce shafin bai amsa ba. Na gwada Edge, na gwada Chrome, duk kanwar ja ce. Na kashe rautar na kunna, na zare sim na mayar, babu sauyi.

A wannan shafin nake karanta saƙonnin da ke shigowa sim ɗin, a nan nake ganin wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗina. Datar wata yanzu ba ta kai ni ƙarshen wata, kuma bayan magariba nakan ga samari jingine da katangarmu kowa ya sunkuyar da kai a waya. Ba na son yi wa 'ya'yan maƙwabta mummunan zato, shi ya sa nake son in shiga in gani da idona, in kuma sauya kalmar sirri. Yaron da ya yi aikin ya tafi Kaduna, wayarsa ba ta shiga.

Sadiq Samaru:

Wa alaikumus salam Baba. A bayan rautar akwai wani ɗan rami da aka rubuta Reset. Ka sa tsinken sakace ka danna kamar daƙiƙa 10, za ta koma yadda ta fito daga kamfani. In kuma ba ta yi ba, ka mayar da laftof ɗin Windows 10. Ka shiga Settings, sai System, sai Recovery, za ka ga Go back. Amma kwana 10 kawai ake da su bayan ɗagawa, daga nan maɓallin ya daina aiki.

Injiniya Maman Hanif, Kongo:

Malam, don Allah ka dakata da tsinken nan tukuna. Sadiq bai faɗi ƙarya ba, amma Reset na share komai: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, har saitin APN, wanda ke haɗa sim da intanet, idan da hannu aka sa shi. Yanzu kana da intanet ba ka da shafin rauta. In ka danna, kana iya wayi gari ba ka da ko ɗaya. Komawa Windows 10 ma ba na ba ka shawara, tunda dalilin da ya sa ka bar shi yana nan.

Rautar ba a taɓa ta ba, laftof aka taɓa, don haka a can za mu fara nema. Ka yi min abu uku ka dawo da amsa.

Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka kashe datar wayar, ka rubuta adireshin a burauzarta. In ya buɗe, rautar lafiyarta ƙalau.

A laftof, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta cmd, a baƙin allon da zai fito ka rubuta ipconfig. Ka nemi sashen Wi-Fi, ka duba layin Default Gateway. Wannan lambar ita ce ainihin adireshin rautarka. Wasu rautoci 192.168.0.1 ne, wasu 192.168.1.1, wasu ƙananan na aljihu kuma 192.168.8.1. Ka duba layin IPv4 Address ma. Idan ya fara da 169.254, rautar ba ta ba laftof ɗin adireshi ba ke nan, amma ba na zaton naka haka ne tunda intanet na tafiya. Ka kuma faɗa min duk sunayen sassan da suka fito a allon, kar ka bar ko ɗaya.

Sannan a wannan baƙin allon ka rubuta ping 192.168.0.1, wato laftof ɗin ya ƙwanƙwasa wa rautar, ka ga ko za ta amsa.

Baban Ummi, Hanwa:

Na gode Hajiya Injiniya, Allah ya saka da alheri. Sadiq, kai ma na gode, na ajiye tsinken a gefe.

A waya shafin ya buɗe nan take. Na ƙirga wayoyin da ke kai, sun ninka na mutanen gidana. A laftof kuma Default Gateway na sashen Wi-Fi 192.168.0.1 ne, adireshin laftof ɗin 192.168.0.104. Amma ping ya ƙi, General failure yake ta rubutowa. Akwai kuma wani sashe a sama da na Wi-Fi wanda ban san shi ba, da kalmar VPN a sunansa, lambarsa ta fara da 10.

Injiniya Maman Hanif, Kongo:

To ai ka kamo ɓarawon da kanka, Malam. Ɗanka ya sa maka manhajar VPN lokacin da yake aikin, wataƙila don sauke wani abu, kuma tana tashi da kanta duk lokacin da ka kunna laftof. Aikin VPN shi ne ta kwashe duk abin da ke fita daga kwamfuta ta bi da shi ta wata sabar, wato babbar kwamfuta, da ke nesa. Wasunsu har toshe hanyar cikin gida suke yi da gangan saboda tsaro. Adireshin da ya fara da 192.168 kuwa na cikin gida ne, ba ya aiki a wajen gidanka. Shi ya sa kake iya buɗe shafin da ke Amurka amma ka kasa buɗe rautar da ke kan teburinka.

Ka duba kusa da agogo a ƙasan allo, ka danna ɗan kibiyar da ke kallon sama, za ka ga alamarta. Ka kashe ta. In ba ka buƙatarta, ka cire ta gaba ɗaya daga Settings, Apps. In kana so ka bar ta, ka nemi Allow LAN ko Local network a saitinta ka kunna.

Bayan haka, ka rubuta adireshin cikakke, http://192.168.0.1, ba tare da s ba. Sababbin burauza na son tura mutum https, tsofaffin rautoci da yawa kuma ba su iya shi ba, ko suna amfani da tsohon tsarin tsaro TLS 1.0 wanda Chrome da Edge suka daina karɓa tun 2020. In ka cire VPN ɗin amma ya bar ɓarna a baya, ka je Network & internet, Advanced network settings, Network reset. Laftof zai mutu ya tashi, zai manta Wi-Fi ɗinka, sai ka sake sa kalmar sirri.

Baban Ummi, Hanwa:

Alhamdu lillahi, ya buɗe. Na kashe VPN ɗin, ping ya fara amsawa, na rubuta da http shafin ya fito. Ban kai ga Network reset ba. Na sauya kalmar sirrin Wi-Fi, wayoyin da ban sani ba duk sun sauka. Hajiya, Allah ya raya Hanif, ya ƙara ilimi.

Sadiq Samaru:

Baba, saura abu ɗaya. Tun daga Android 10 waya na iya nuna Wi-Fi a matsayin hoton QR, wani ya haska ya shiga ko ba a faɗa masa kalmar ba. Ina kyautata zaton ta haka taka ta fita unguwa, ta hannun yaran gida da abokansu. Ka ja musu kunne, in ba haka ba sabuwar ma fita za ta yi.

Injiniya Maman Hanif, Kongo:

Gaskiyar Sadiq ce. Ka nemi MAC filter a shafin rautar, ka sa na'urorin gidanka kaɗai a jerin waɗanda aka yarda wa. Ka fara da laftof ɗin da kake kai, don kar ka kulle kanka a waje. Kalmar shiga shafin rautar ita ma ka sauya ta idan har yanzu admin ce, domin duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka zai iya shiga da ita ya warware abin da ka ɗaura. Tsaron Wi-Fi kuma ka bar shi a kan WPA2 da AES, ko WPA3 in rautar na da shi. In ka samu WEP aka sa, wato tsohon tsarin da ba shi da ƙarfi, ka sauya shi yau ɗin nan.