Wa ya taɓa dawo da tsuntsaye tsakar gidansa?

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da muka sare kurnar gidanmu muka malale tsakar gida da siminti, ko kukan kurciya na daina ji da asuba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Akwai ɗan fili a bayan ɗaki. Wanda ya taɓa gwadawa, me ya shuka?

Wata malama, Zariya: Wa alaikumus salam. Ni da furannin kanti na fara, masu tsada, shekara biyu ina ban ruwa, ba tsuntsun da ya kula su. Sai surukata ta kawo min reshen ceɗiya daga ƙauye, ta ce in kafa shi kawai da farkon damina. Ya kama kuwa. Ranar da ta fara 'ya'ya, cilakowa biyu suka sauka, sai shaya masu ƙyallin baya, da wasu ƙanana da hayaniyarsu ke tashina kafin ladan. Amma Malam, ka nisanta ta da katanga da ramin bayi. Saiwar ceɗiya da ta durumi da ɓaure ba sa jin magana, ni sai da na sake ginin gefe guda.

Wani dattijo, Maraɗi: Ɗana, in filin ƙarami ne, magarya za ka sa. Ba ta son ruwa da yawa, tana nuna da hunturu lokacin da daji ya bushe, ƙayarta kuma tana kare sheƙa daga mage. A garkata na bar gawo ya tashi da kansa. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, ka ga inuwa ke nan a lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Marai sun rataya sheƙarsu a jikinsa sun fi ashirin.

Wata uwar gida, Sakkwato: Kowa na ta maganar itace, an manta ruwa. A zafin Afrilu kasko ɗaya na ajiye ƙarƙashin aduwa, na sa dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa. Kurciya da hasbiya suka mai da shi mashaya. Kullum nake zubarwa in sake, saboda sauro.

Manomi, Gumel: Hajiya, ku yi haƙuri, mu masu gero a bayan gida ba kowane tsuntsu ne baƙon arziki ba. Jan-baki in suka sauko, zangarniya ba ta kwana.

Dattijon Maraɗi: Gaskiyarka, sai dai jan-baki hatsi da irin ciyawa suke bi, ba magarya ke kiransu ba.

Malamar Zariya: Na manta wani abu. Na daina fesa maganin ƙwari a jikin itatuwan, don tsutsotsin nan da su iyaye ke ciyar da 'yan tsakinsu. Kaucin da ya fito a reshe ma na bar kaɗan, furensa ne ke jawo sha-kauci mai dogon baki. Yaran unguwa masu danƙo kuwa, na ba su aikin cika kaskon ruwa, yanzu su ke korar abokansu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Magarya zan sa, fili ba zai ɗauki ceɗiya ba. Baba na Maraɗi, ƙwallon ake fasawa kafin a shuka, ko haka ake binne shi?