Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗan shekara 16 ya bushe ne?

Uwar samari uku, Katsina:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na kai kukana wurin wata dattijuwa a Zumuntar Mata game da ɗana na fari mai shekara 16, wanda ba ya fitowa addu'ar asuba ta gida sai an tashe shi da faɗa, kuma idan na tambaye shi a kan me aka yi wa'azi sai ya sunkuyar da kai. Amsar da ta ba ni ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na koma gida zuciyata ba daɗi, domin abin da na fahimta shi ne lokaci ya riga ya ƙure mini. Shin haka maganar take nufi?

Malamin Hausa mai ritaya, Daura:
'Yata, ki kwantar da hankalinki. Wannan karin magana gargaɗi ne da ake yi wa mai ƙaramin yaro tun kafin abu ya ɓaci, ba hukunci ba ne da ake yanke wa wanda ya zo neman shawara. Duk wanda ya faɗe shi bayan an kawo masa kuka ya sa shi a gurbin da ba nasa ba. Ma'anarsa ta yi kusa da ayar Littafi Mai Tsarki da ke Karin Magana 22:6, inda aka ce a koya wa yaro hanyar da zai bi, ko ya tsufa ba zai bar ta ba. Ban ga inda ayar ko karin maganar suka yanke shekarar bushewa ba.

Dattijon ikkilisiya, Malumfashi:
Malam, ina ganin girmanka, amma ban yarda a wanke mu iyaye haka da sauƙi ba. Dattijuwar ta faɗi gaskiya, ko da ta yi ɗaci. Mu ne muke miƙa wa yaro waya tun yana firamare, mu bar wa makarantar Lahadi aikin da Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora mana na koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Awa ɗaya a mako ba za ta gyara sakacin kwana shida ba. Magabata sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma Karin Magana 13:24 bai ɓoye zancen sanda ba.

Malamar ajin matasa, Katsina:
Baba, na yarda da kai a kan sakaci, amma ka yi mini izini in tsaya a kan kalmar tanƙwara, domin dabam take da karyawa. Afisawa 6:4, wadda ta umarci ubanni su goyi 'ya'yansu cikin horon Ubangiji, da gargaɗi ta fara, cewa kada su tsokane su har su yi fushi. Abin da nake gani a ajina shi ne yawancin yaran da ake kira masu taurin kai tambayoyi ne suka cika musu ciki. Yaro Kirista a garin nan sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu, a ajinsu na sakandare, kuma abokansa, galibi ba da mugun nufi ba, suna tambayarsa yadda Allah zai zama ɗaya a ce kuma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko dalilin da ya sa ake da Linjila huɗu. Ya dawo gida da nauyin abin da ya kasa amsawa, sai a tarbe shi da tsawa a kan rashin haddace aya. Bulala za ta kawo shi coci, amma tambayar tana nan a ransa.

Manomi, Kafur:
Ni aikin hannu na sani. Idan muka dasa icce ya karkace, ba ma fizgarsa a rana ɗaya. Turke muke kafawa a gefensa, mu ɗaure da tsumma don kada igiya ta ci ɓawonsa, mu riƙa ƙara ɗaurin kaɗan kaɗan har damina ta wuce. Ko sandar da ta fara bushewa akan ɗumama ta a bakin wuta kafin a miƙe ta. Don haka ni tambayata ga 'yar'uwarmu ita ce, wane ne turken da ke gefen yaron nan?

Malamin Hausa mai ritaya, Daura:
Ɗan'uwa na Kafur ya taɓa inda ciwon yake, kuma ku lura uwar ta ce ɗan fari ne. A al'adarmu akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya sakin jiki da shi, balle a zauna a yi zancen balaga ko sha'awa ko shakkar bangaskiya. Magabata sun san da wannan giɓi, shi ya sa suka cike shi da kaka da kawu da gwaggo, har da al'adar riƙo, suka ce ɗa na kowa ne. Yau iyali sun taso daga ƙauye sun zauna gidan haya a birni, kunyar ta biyo su, kawun kuma yana can gida. Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932, ya nuna mana wannan tsari a kan Timoti: bangaskiyarsa ta faro daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ya faɗa, ubansa kuwa Bahelene ne, sannan Bulus ya ɗauke shi yana kiransa ɗansa cikin bangaskiya. Ƙungiyoyi irin su Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgo a 1883, da FCS, zumuntar ɗalibai Kirista a makarantu, amfaninsu ke nan, wato su haɗa saurayi da babban da zai iya buɗe masa ciki. Sai dai mai riƙon ya zama wanda iyaye suka san halinsa, namiji ga saurayi, mace ga budurwa, kuma a bainar jama'a, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Dattijon ikkilisiya, Malumfashi:
Na karɓi zancen turke, amma da sharaɗi. Kada uba ya fake da kawu ya naɗe hannu. Saurayin da bai taɓa ganin ubansa ya durƙusa yana addu'a ba, ko ya nemi gafarar uwarsa bayan ya yi kuskure, da wuya wa'azin wani ya shige shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Uwar samari uku, Katsina:
Na gode, iyayena. Gaskiya ban taɓa tambayarsa abin da ake ce masa a makaranta ba, kuma kunyar da Baba na Daura ya ambata tana tsakaninmu. Na yi magana da maigidana, mun yarda ƙanena da ke koyarwa a Funtuwa zai ɗauke shi a hutun Kirsimeti, shi kuma maigidan zai karɓi jagorancin addu'ar asuba da na daɗe ina yi ni kaɗai. Malama, idan yaron ya kawo mini tambayar Triniti, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kafin kawunsa ya iso, daga wace aya zan fara?