Abin da ke hana mu ajiye labarin ɓatan miji ko mata

'Yan'uwa masu karatu na Jos, ga abin da na tsinto daga doguwar hirarmu kan littattafan da miji ko mata ke ɓata a cikinsu.

1. Kusan kowa ya yarda tambaya guda ce ke riƙe mu: anya ka san wanda kuke kwana ɗaki ɗaya? Mace ta buɗe akwatin maigidanta, ta tarar da fasfo biyu, suna daban-daban. Daga nan barci ya ƙaurace.

2. Yawo ƙasa-ƙasa na ƙara armashi: Abuja, Istanbul, har hedikwatar Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, a Lyon ta Faransa, masu fitar da sanarwa mai launin rawaya kan ɓatattu.

3. Iyayenmu mata sun ce sun ga irinsa da idonsu: magidanci ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shiru har yau. Wani ya tunatar cewa a mazhabar Malikiyya matar kan kai ƙara gaban alƙali, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Wallahi wannan jiran ya fi tsaya mini a rai.

4. An rabu kan ƙarshen labari. Wasu na son a gano wanda ya ɓata da rai, wasu sun ce cin amana ya fi kama da gaskiya.